Sa Hannu a Al Khabaisi

Ƙungiyarmu ba a rana ɗaya ta mutu ba, shi ya sa in aka tambaye ni ranar mutuwarta sai in rasa abin cewa. Amma ranar da aka raba ta da gidanta na san ta sarai, domin ina wurin. Hannu biyu ne a kan takardar, ɗaya nawa ne.

A lokacin ina aikin rubutu a wani kamfanin kargo a Al Qusais. 'Yan kasuwa su kawo kayansu daga Deira, mu auna, in rubuta sunan mai kaya a jikin kwali, a loda a kwantena sai Kano. Mai kamfanin wani Alhaji ne ɗan garinmu, mutum mai fara'a, mai yawan kyauta in da jama'a a wurin. Shi ya kawo ni Dubai. Bizata a ƙarƙashin kamfaninsa take, fasfona ma a akwatin ƙarfen ofishinsa yake kwana kamar na sauran ma'aikata. Ban taɓa ganin aibun hakan ba sai daga baya.

Ƙungiyar kuwa wani Malam ne ya kafa ta tun kafin in zo. Ba malamin mumbari ba ne, tafinta ne, yana raka 'yan kasuwa shaguna da asibitoci yana yi musu Larabci. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci mukan taru a filat ɗinsa, a ture kujeru jikin bango, a shimfiɗa darduma. A yi karatun Alƙur'ani, ya ɗan ja mana fiƙihu, sannan a fito da shinkafa a manyan farantai. Akwai Kanawa 'yan kasuwa, akwai direbobi 'yan Nijar masu cusa Faransanci a kowace magana, akwai 'yan Zango na Gana da ke shigowa a bas daga Sonapur, sansanin kwanan leburori, masu shara da masu gadi da masu wankin mota. A wajen ɗakin nan wani ba ya ko kallon wani. A ciki kuwa faranti ɗaya ake sa hannu.

Babban aikin ƙungiyar shi ne gawa. In Bahaushe ya rasu a garin nan ba shi da kowa, mu ne danginsa. Malam ya bi takardun asibiti da na 'yan sanda, mu nemo likkafani, a yi masa sutura kamar ɗan mutane. Mai wanka shi ne wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, wanda duk muke kira Baba. Sharar wani babban kanti yake yi, ya kai shekara sittin amma takardunsa sun rage masa. Kakansa Bakano ne da fataucin goro ya kai Gana ya zauna can. Baba bai taɓa taka Kano ba, amma ya san sunayen ƙofofin gari fiye da ni, daga bakin kakan nan nasa ya haddace su.

Lokacin da kasuwa ke tashe, Malam ya kawo shawarar a sayi gida a Kano. Ƙasa a yi ajujuwan Islamiyya na yara mata, sama kuma a bar ɗakuna domin duk ɗan ƙungiyar da ciwo ko tsufa ko kora ya mayar da shi gida bai da wurin sauka. Kowa ya sa hannunsa gwargwadon hali. Alhaji ya ba da nasa a tsaye, aka yi kabbara. 'Yan Sonapur suna kawo nasu a naɗe cikin hankici, wata bayan wata, ba wanda ya yi musu kabbara. Aka sayi gida a Kurna, mai hawa ɗaya, da bishiyar darbejiya a ƙofa. Matar Malam, wadda dama can malama ce, ta tare a ciki ta buɗe makaranta.

A Dubai ƙungiya irin tamu ba ta da suna a takarda, don haka a Najeriya aka yi mata rajista, aka rubuta gidan da sunan amintattunta. Amintattu uku ne: Malam, Alhaji, da ni, saboda na iya Turanci kuma ni ne sakatare. An so a sa Baba, sai aka ce tun da ba ɗan ƙasa ba ne zai ja mana doguwar hanya. Baba ya ce, "Yoo, ba komai. Allah ya san sunana." Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ɗakin kusurwa na sama nasa ne, duk ranar da ya ajiye tsintsiya ya zo ya ga garin kakansa. Na ji Malam da kunnena, ba sau ɗaya ba, yana cewa gidan waƙafi ne, ba a sayarwa, ba a gado, ba na kowa ba ne sai Allah. Sai dai bai taɓa rubutawa ba. Mu ma ba mu ce ya rubuta ba. Wa zai nemi takarda a tsakanin mutanen da ke wanke gawar juna?

Sai shekarar 2009 ta zo, gari ya tsaya cak. Gine-gine suka tsaya a rabi, kamfanoni suka riƙa sallamar mutane. Duk Juma'a sai a ga gurbi a darduma. Wannan an soke bizarsa, wancan ya tafi Saudiyya, wani ya je hutu bai dawo ba. Duk da haka muka ci gaba, har zuwa 2011 da ciwon ƙoda ya kwantar da Malam. Wata uku ya yi yana jinya, ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Baba ne ya wanke shi. A nan Dubai muka binne shi.

Mai gida ya karɓi filat ɗin. Muka koma taruwa a ɗakina, inda mutum shida ba sa iya miƙe ƙafa. Babu mai jan fiƙihu, sai karatu kawai, sai hira. Alhaji ya daina zuwa, 'yan kasuwa suka bi shi. Wata Juma'a daga ni sai Baba, muka karanta Kahfi, muka sha shayi, na raka shi tashar bas. Juma'ar da ta biyo baya shi ma aka sa shi aiki. Haka abin ya ƙare, ba faɗa, ba sallama. Amma makarantar Kurna tana nan da ranta. Malama da wasu mata biyu suna koyarwa, masallacin unguwa yana ɗaukar nauyin wuta da ruwa.

A 2013, wata ranar Asabar, Alhaji ya aiko in same shi a ofishinsa na Al Khabaisi, ba a sito ba. Na tarar da shi tare da wani lauya da ya zo daga Kano, matashi mai tsabta, da jaka a cinya. Aka kawo mini gahawa da dabino, abin da ba a taɓa yi mini ba a ofishin nan.

"Sakatare," in ji Alhaji, "maganar gidan ƙungiya ce. Ka ga dai yadda Allah ya yi da mu. Malam ya tafi, jama'a sun watse. Dukiyar Allah ce, bai kamata a bar ta a yashe ba. Barista, yi masa bayani."

Lauyan ya yi bayani a hankali, kamar mai karanta wa yaro. Ya ce ƙungiyar da ta daina aiki kotu ce ke rushe ta, in amintattunta suka nema. Ya ce doka ta hana a raba dukiyarta ga mambobi, ko tsinke. Dole ne a miƙa ta ga wata ƙungiya mai rajista wadda manufarta ta yi kama da tamu.

Na ce, "Ai ba wanda ya ce a raba. Makaranta na ciki."

"Madalla," in ji shi. "Shi ya sa muka samo wadda za ta riƙe."

Ya turo mini wata takarda. Gidauniya ce ta ilimin addini da taimakon marayu. Sunan Alhaji ne a samanta. Amintattunta shi ne, da babban ɗansa, da ƙanin matarsa. Na duba ranar rajista, ko wata biyar ba a yi ba.

Na ɗago na dubi Alhaji. Yana ta jan carbi yana kallon tagar da ke bayana.

"Alhaji, Malam ya ce waƙafi ne."

"Allah ya jiƙan Malam. Ni ma na ji. Ai daga hannun Allah zuwa hannun Allah ne, ba abin da ya canza sai suna."

Lauyan ya tambaye ni ko akwai rubutu a kan waƙafin. Na ce babu. Ya ɗaga kafaɗa.

Na ce su ba ni lokaci in yi shawara da jama'a. Alhaji ya yi dariya ya ce da ɗan Larabcinsa na zaman Dubai, "Wace jama'a kuma, habibi?" Amma ya ce in je, mako biyu, lauya zai jira, dama yana da sayayya.

Ranar Juma'a na shiga bas zuwa Sonapur. Rana ta take, iska kamar daga bakin tanda. Na sami Baba a ɗakinsu, su takwas a gadaje masu hawa biyu, kayan aiki a rataye a igiya, takalma jere a ƙofa. Ya saukar da ni kan gadonsa na ƙasa, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Shi ɗakin ba shi ne damuwata ba, Sakatare. Ni ko a masallaci zan kwana. Amma mutanen da suka hana cikinsu nama suka sa a gidan nan, wasu sun mutu. Ni na wanke su. In aka ce sadakarsu ta koma tallan sunan mutum ɗaya, me zan ce musu?"

Shi ya kawo shawara, kuma shawara ce mai kyau. Tun da doka ta ce a ba wa masu irin aikinmu, to a ba wa masallacin unguwar da ke riƙe da makarantar tun rasuwar Malam, a rubuta shi waƙafi a wannan karon, a gaban shaidu. Na rubuta hakan a takarda a kan gwiwata. Baba ya ɗauki takardar ya bi masaukan leburori ɗaya bayan ɗaya da ita, a ranakun da ya tashi aiki da ƙafafu a kumbure. Ya nemo 'yan ƙungiyar da suka rage, wani a wurin wankin mota, wani a ɗakin gadi. Masu iya rubutu suka sa hannu, sauran suka dangwala yatsa da tawadar biro. Da ya kawo mini ita duk ta yi laushi saboda gumi.

Na kai wa lauya takardar a gaban Alhaji. Ya karɓa da yatsu biyu, ya karanta, sannan ya buɗe jakarsa ya ciro kundin dokokin ƙungiyarmu. Ya nuna mini wani layi: duk wanda ya yi shekara bai halarci taro ba kuma bai sabunta sunansa a rajista ba, ya fita daga ƙungiya. Ya ce tun da ba a yi taro ba kusan shekara biyu, a idon doka waɗannan bayin Allah ba mambobi ba ne. Ba su da ta cewa.

Ni na buga layin nan da hannuna, a na'urar ofis, shekaru baya. Daga kundin wata ƙungiya na kwafo shi don takardarmu ta yi kama da ta masu ilimi. Ko Malam ban jin ya karanta shi.

"Masallacin unguwa kuma fa?" na tambaya.

"Yana da rajista?"

"Masallaci ne, Barista. Ya girmi ni da kai."

"Na yarda. Amma kotu ba ta san shi ba. Gidauniyar Alhaji ta san ta."

Na ce wa Alhaji ya ji tsoron Allah. Na ce masa ya san waɗanda suka gina gidan nan, ya ci abinci da su. Na ce in riƙon amana yake so, ai yana iya taimakon makarantar ba tare da sunansa ya hau takardar gida ba. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Lauyan ya sunkuyar da kai yana danna waya.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni, da na sami abin riƙewa. Sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Khalas, shi ke nan, Sakatare, ba dole. Addini ba a yinsa da tilas. Ka je ka yi tunani." Na miƙe, har na kai ƙofa sai ya ce, "Af, na tuna. Bizarka yaushe za ta ƙare ma? Wata mai zuwa ko? Ka tuna mini, abubuwa sun yi mini yawa. Yaya iyali? Ka ce babbar taka ta shiga sakandare?"

Ya faɗi haka yana murmushi, da muryar mai tambayar lafiya.

Kwana huɗu na yi ina juya abin. Ba zan ƙawata kaina ba. Na yi tunanin 'ya'yana biyar da mahaifiyata, da yadda na ga waɗanda aka soke wa biza suna komawa Kano da jaka ɗaya. Na gaya wa kaina cewa ko na ƙi, lauya zai sami wata hanya, shi da kansa ya ce ƙin nawa jinkiri kawai zai kawo. Na gaya wa kaina wataƙila Alhaji zai riƙe makarantar da gaske. Mutum in zai yi abin kunya ba ya rasa hujja, hujjoji ma har layi suke yi masa.

Ranar Alhamis da safe na koma Al Khabaisi. Takardu uku ne: ƙudurin amintattu na rushe ƙungiya, takardar rantsuwa cewa ba ta da sauran mambobi masu aiki, da amincewar miƙa gida. Lauyan ya sa alamar fensir a duk inda zan sa hannu. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta tsakiya. Na rantse a rubuce cewa su Baba ba su nan, alhali takardarsu mai yatsu, wadda lauya ya mayar mini, tana aljihun rigata. Daga nan direban Alhaji ya kai mu inda ake buga hatimi, aka buga, ko minti goma ba a yi ba. A hanyar dawowa Alhaji ya tsaya ya saya mana shinkafar biryani. Ranar Lahadi aka kai fasfona sabunta biza.

Ban iya zuwa Sonapur ba. A waya na gaya wa Baba. Da na gama ya ce, "Yoo. Ranar Asabar ka kai ni wurinsa."

Na yi ƙoƙarin hana shi, ya ce in ban kai shi ba zai nemo da kansa. Ya ɗauki hutun rabin yini ya zo da rigar aikinsa mai ruwan toka, sunan kamfanin shara a bayanta. Akwai baƙi a ofishin, 'yan kasuwa uku da suka sauka daga Kano. Alhaji ya tashi da fara'a yana cewa, "Baba da kansa, marhaba, a kawo masa kujera."

Baba bai zauna ba. Ya yi sallama, ya gaishe da baƙin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fuskanci Alhaji.

"Alhaji, ba faɗa na zo yi ba, ba ni da ƙarfinsa. An ce doka ta ba ka. Ban san doka ba. Na zo ne in gaya maka a gaban mutane, don kada gobe ka ce ba ka ji ba. Abin da na sa a gidan nan, ban yafe ba. Waɗanda suka mutu ba ni da ikon yafe maka nasu, su ma ka sa a ranka ba su yafe ba."

Alhaji ya ce, "Haba Baba, ai ɗakinka na nan. Duk ranar da ka zo Kano, baƙona ne kai."

"A da ba baƙo ba ne ni a gidan," in ji Baba.

Ya sa hannu a aljihu, Alhaji ma ya sa hannu a nasa aljihun zai ciro wani abu ya ba shi. Baba ya girgiza kai. Katin bas ɗinsa ya ciro, ya juya ya fita. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaya cikin raɗa ko tsohon yana da taɓin hankali. Alhaji ya ce tsufa ne, a yi masa uzuri.

Na bi shi har bakin titi. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya dube ni, ba ƙiyayya a idonsa, gajiya ce kawai. Ya ce, "Kai na san abin da ya kama ka. Amma kada ka roƙe ni yau. Ka bari tukuna."

Sauran abin ya tafi yadda lauya ya tsara. An buga sanarwa a wata jarida a Najeriya cewa duk mai ƙorafi ya fito. Waɗanda ke da ƙorafin suna Sonapur suna goge tayil, wa zai kai musu jarida? Kotu ta jira, ba wanda ya fito, ta rushe ƙungiya, ta miƙa gida. Ba a karya doka ko ɗaya ba. Na sha faɗa wa mutane labarin nan, sai su tambaye ni, to ina aka yi maguɗin? In ce ba a yi ba. Wannan ne ke sa ni in ji kamar in fasa wani abu.

Ba a yi wata shida ba aka ce gidan na bukatar gyara, a dakatar da makaranta na ɗan lokaci. Aka ba Malama wa'adi cikin ladabi, ta kwashe kayanta ta koma gidan yayanta. Aka fasa bangon ajujuwan ƙasa aka sa ƙofofin ƙarfe irin na sito. Sama aka yi wa fenti da na'urar sanyi, ya zama masaukin abokan cinikin Alhaji. An bar aji ɗaya a gefe da allo a samansa mai ɗauke da sunan gidauniya da manyan baƙaƙe, ana tara yara a ciki in za a raba kayan azumi a ɗauki hoto. Ni kuma a Al Qusais aka ba ni sabon adireshin karɓar kaya a Kano in riƙa rubutawa a kwali. Adireshin gidan ne. Na rubuta shi ya fi a ƙirga, da baƙar maka mai warin fetur.

A 2014 kamfanin su Baba ya gano shekarunsa na gaskiya, aka ƙi sabunta masa kwantiragi. Ya koma Kumasi. Ban sami labari ba sai bayan ya tafi, wani mai gadi ne ya gaya mini. Na nemi lambarsa na kira sau biyu, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya yi mini addu'a. Ban sake roƙonsa ba, shi ma bai ɗauko maganar ba.

A 2015 na bar aikin Alhaji. Ba jarumta ba ce, wani kamfani ne na Indiyawa ya ɗauke ni. Kafin in fara na je gida hutu, na ce sai na ga Malama. Na fara biyawa ta Kurna. An sare darbejiyar don babbar mota ta sami wurin juyawa. Ban tsaya ba.

Na sami Malama a gidan yayanta, a soron waje, ita da yara mata kamar goma a kan tabarma. Ta sallame su, ta sa aka kawo mini ruwa, ta zauna daga bakin ƙofa da mayafinta. Muka yi gaisuwa mai tsawo, muka yi wa Malam addu'a. Na fara ba ta labarin yadda abin ya faru, da biza, da lauya, da kundin dokoki. Ta saurara tana gyaɗa kai.

Da na gama ta ce, "Malam Sakatare, tambaya ɗaya zan yi maka. Da ka ƙi sa hannu, da gidan bai tafi ba?"

Na ce, "Da ya tafi, Malama. Lauyan ya ce sai dai a sami jinkiri."

"Jinkirin kamar na nawa?"

"Wataƙila shekara. Wataƙila ya fi."

Ta gyara bakin tabarma da yatsa. Sannan ta ce, "Lokacin da aka tashe mu akwai yara bakwai da suka kusa sauka. Izu kaɗan ya rage musu. Da aka rufe, nan ya yi musu nisa, iyayensu ba su bar su suna zuwa ba. Biyu ne kawai suka biyo ni." Ta ɗago ta dube ni. "Shekara ɗaya da ta ishe su."

Ta tambaye ni ko zan tsaya a kawo abinci, na ce ina sauri. Ta ce in gaida gida, sannan ta leƙa ciki ta kira yaran su dawo su ɗauki allunansu.